Rediyo Ta Ɗora Yatsa

Akwai wani bakanike, ya ku masu bibiyar wannan shafi, wanda duk unguwarsu ba a kiransa da komai sai Mai Kunne. Ba wai don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba, ko da yake su ma ba ƙanana ba ne. Dalilin shi ne, in ka shigo garejinsa da mota, ba ya saurin buɗe bonet. Sai ya ce kar ka kashe ta, ya karkata kai gefe guda, ya lumshe ido. Kafin ka gama gaishe shi ya gaya maka abin da ke damunta.

Mutum ne mai riƙon amana, mai sakin hannu, amma akwai ji da kai. Bayan kunnen nan nasa, abu biyu yake taƙama da su a duniya.

Na farko mahaifiyarsa ce, Inna, wadda ke zaune a ɗakin da ya gina mata a cikin gidansa. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni Inna ba ta yi mini magana sau biyu. Abin da ta ce, kafin ta rufe baki na yi shi." Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Na biyu 'yarsa ce ta fari, 'yar aji shida na firamare, da ake wa laƙabi da Rediyo. In yarinyar nan ta ɗauki takarda ta fara karatu da ƙarfi, sai ka rantse labaran duniya aka kunna. Ba in-ina, ba tuntuɓe, murya tar. Tun daga aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya.

Ranar da babu makaranta, Mai Kunne yakan ɗora ta a kan benci a gareji, ya miƙa mata jarida ta karanta wa masu jiran gyara. Shi kuma ya tsaya gefe, hannaye duk baƙin mai, ya riƙe ƙugu yana kallon fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko?" yakan ce. "Wannan kan, nawa ta ɗauko."

Ana nan sai aka kawo wa ajin su Rediyo sabuwar malama. 'Yar ƙaramar mace ce, marar hayaniya, tana da wata tsohuwar mota da ke bi ta gaban garejin kullum da safe tana wani ƙara mai tsinin gaske. Duk lokacin da ta wuce sai Mai Kunne ya yamutsa fuska. Tun kafin ya san mai motar ya riga ya ƙullace ta.

Da aka yi gwajin farko na fahimtar karatu, Rediyo ta dawo gida idanu jajir. Makin da ta ci bai kai rabi ba.

Maman Rediyo ta so ta ɓoye takardar har sai ya ci abinci, amma ina. Ya karɓa, ya zauna a ƙofar ɗaki, ya karanta da kansa. Ɗan gajeren labari ne:

"Mai gadi ya shigo ɗaki, ya karkaɗe laimarsa, ya jingine ta a bayan ƙofa. Ya cire takalmansa da suka yi kaca-kaca da taɓo. Matarsa ta miƙo masa busasshiyar riga."

Tambaya ta farko ta ce, a ina mai gadi ya jingine laimarsa? Rediyo ta ci wannan. Ta biyu ta ce, yaya yanayin waje yake lokacin da ya dawo? A nan Rediyo ta rubuta, da kyakkyawan rubutunta, "Ba a faɗa ba." Malama ta ja jan biro a kai. Ta uku ta ce, da ke ce matarsa, me za ki fara yi masa, kuma don me? Rediyo ta kwafe jimlar ƙarshe ta labarin ta ajiye. Nan ma jan biro.

Mai Kunne ya karanta labarin, ya sake karantawa, ya juya bayan takardar ko akwai saura.

"To ai gaskiya yarinyar ta faɗa," ya ce. "Ba a faɗa ba. Ina aka rubuta yanayi a nan? An koma kayar da yaro don ya faɗi gaskiya?"

"Baban Rediyo, ka dai bi a hankali," matarsa ta ce.

"A hankali zan bi. Gobe ma da sassafe zan bi."

Washegari kuwa ya je makarantar da kayan aikinsa a jiki, hula a ka. Ya tarar da Malama tana goge allo, yara sun fita hutun tara. Ta tarbe shi da fara'a, ta jawo masa kujera. Ya ƙi zama.

"Malama, 'yata ta fi kowa karatu a makarantar nan. Ki tambaya."

"Na sani, Baban Rediyo. Ban taɓa jin yaro mai daɗin karatu irinta ba. Bakinta ya iya karatu. Yanzu so nake zuciyarta ma ta iya."

Sai ta yi masa bayani a natse. Ta ce ita a ajinta tambaya iri uku ce, kuma ta ba kowace suna don yara su riƙe. Akwai tambayar tsinta, wadda amsarta ke kwance a kan layi, sunkuyawa kawai za ka yi ka ɗauka. A wannan babu mai kamo Rediyo. Sai tambayar tono, wadda marubuci bai faɗi amsarta ba amma ya bar alamu, kai ne za ka haɗa su ka tono abin da ke ƙasa. Ta ukun kuwa suna kiranta "kai fa?", domin ra'ayin mai karatu take nema da dalilinsa.

"Kuma doka ɗaya ce a ajina," ta ce. "Duk amsar da ka bayar, zan ce maka ina shaidarka? Sai ka ɗora yatsa a kan kalmar da ta kai ka ga amsar. Wanda bai ɗora yatsa ba, zato ya yi."

Mai Kunne ya buga takardar a kan tebur. "To ɗora mini yatsa a kan ruwan sama a nan."

Ta ɗora yatsa a kan laima.

"Laima ai har don rana ana riƙe ta," ya ce, yana jin ya kama ta.

Malama ta yi murmushi. "Madalla. Ka ga yanzu ka fara tono da kanka. To laimar rana ana karkaɗe ta? Taɓon fa, daga ina? Me ya sa rigar da aka miƙo masa sai da aka ce busasshiya?"

Ta ci gaba.

"Baban Rediyo, an ce mini kai ne Mai Kunne. In mutum ya kawo maka mota ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai da safe takan yi ɗan tari, a bakinsa kake samun matsalar?"

Maganar ta shige shi, ni na san ta shige shi. Amma mutum irin Mai Kunne ba ya zuwa faɗa ya koma gida da darasi, balle daga hannun mai motar da ke damun kunnensa.

"Mota daban, karatu daban," ya ce. Ya juya ya fita.

Daga nan ofishin Hedimasta ya zarce. Ya ce masa ƙarshen wannan zangon, in Rediyo ba ta koma ta ɗaya ba, zai cire ta ya kai ta makarantar da aka san darajar yaro mai ƙoƙari. Hedimasta ya ba shi haƙuri, ya ce ya ba Malama lokaci. Ya ce shi ya gama magana.

Da Rediyo ta ji, ta yi kuka har ta gode Allah. Abin ya ba uban mamaki. Shi a zatonsa daɗi za ta ji an rama mata.

"Baba, ni ina son Malama," ta ce. "Ita ce ta fara tambayata me na gani. Sauran duk cewa suke in karanta."

"Za ki so wata," ya ce.

Zango ya ci gaba da tafiya. Gidan Mai Kunne ya cika da tono. In ƙaninta ya ce bai taɓa sukari ba, Rediyo ta kama haɓarsa ta ce ga shaida. In uwarta ta ce ba fushi take ba, Rediyo ta ce to me ya sa murfin tukunya yake shan wahala? Uwar ta yi dariya ta ce, "Ke Malamarku za ta sa a kore mu daga unguwa." Uban kuwa bai ga abin dariya ba. Ya kafa doka: kar ya ƙara jin kalmar tono a gidansa.

A cikin waɗannan watannin Inna ta yawaita 'yan ƙorafe-ƙorafe, Mai Kunne kuma ya samu abin nuna bajinta.

Ta ce ƙwan lantarkin ɗakinta ba shi da haske. Kafin yamma ya sa sabo. Bayan kwana kaɗan ta ce kayan yanzu duk jabu ne, wannan ma ya dushe. Ya sayo wanda ya fi shi ƙarfi, irin wanda yake sa wa a gareji. Ta ce agogon bangon ya tsufa, fuskarsa ta yi hazo. Ya sayo mata sabo mai ƙaton rubutu. Inna da ta yi rayuwarta da allura a hannu, wadda ko maɓalli ya tsinke a gidan ita ke mayarwa, ta ture kwandon ɗinkinta ƙarƙashin gado ta ce zaren zamani ba shi da ƙarko. Ya zagaye kasuwa ya samo mata mai tsada. Ta daina leƙa maƙwabta ta ce ƙafa ce ke damunta. Ya kawo man zafi kwalba-kwalba.

"Kun ga ni," yakan gaya wa abokansa a gareji, "tsohuwata ko tari ta yi na san abin yi."

Gwaji na biyu ya zo. Rediyo ta ɗaga sosai, amma har yanzu akwai waɗanda ke gabanta. Mai Kunne bai gamsu ba. Ya je ya dubo wata makaranta a can gaba da kasuwa, ya yi magana da mai ita, aka ce da an rufe zango ya kawo ta.

Saura 'yan kwanaki a fara jarrabawa, wata rana da la'asar yana kwance a ƙarƙashin wata mota, sai ya ga ƙafafu biyu cikin farar safa sun tsaya kusa da kansa. Ya turo kansa waje. Rediyo ce, da kayan makaranta, jaka a baya.

"Lafiya?"

"Baba, ina da wata tambaya. Ta tono ce."

Ya haɗe rai. "Me na ce a kan kalmar nan?"

"A gida ka hana, Baba. Nan gareji ne." Ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "Ka yi haƙuri, yau kawai. Ka zo gida in ɗora maka yatsa. In na yi kuskure, ka kai ni duk makarantar da ka ga dama, wallahi ba zan yi kuka ba."

Ya dube ta da kyau. Yarinyar da ke karanta jarida gaban manya ba gezau, yau ga ta tana roƙonsa. Ya goge hannu da tsumma, ya bi ta.

Da suka shiga gida ba ta nufi ɗakin Inna ba. Ta tsaya a tsakar gida, ta ɗora yatsa a jikin bango.

"Me ka gani, Baba?"

"Bango."

"Duba dai."

Ya matso. Wani dogon layi ne na dauɗa, siriri, daidai tsayin kafaɗa. Ya taso daga ƙofar Inna, ya bi bango, ya sha kwana, ya tsaya a ƙofar banɗaki. Irin sawun da tafin hannu ke bari in ya daɗe yana bin wuri ɗaya.

"Mai ciwon ƙafa jingina yake yi ya huta," in ji Rediyo. "Wannan ba jingina ba ce. Shafawa ce."

Ta ja shi zuwa inda aka kife kayan shayi, ta ɗauko farantin da ake kai wa Inna. Ta ɗora yatsa a kan tabon shayin da ya bushe a gefe guda.

"Kullum sai ta zuba a gefen kofi kafin ta samu bakinsa. Ni nake wankewa."

Ta ajiye farantin, ta ci gaba.

"Ta ce ƙwai ya dushe, ka canza, ka sake canzawa. Ni in na shiga ɗakin sai na kare ido da hannu saboda haske. Ta ce agogo ya yi hazo, ka sayo sabo. Jiya tana zaune a gabansa ta tambaye ni ƙarfe nawa. Ta ce zare ba shi da kyau, amma ranar da na zura mata shi a allura, ta kama ɗinki da lalube, ba ta ce komai a kan zaren ba. Ƙafar kuma, Baba, in na riƙe hannunta, ni nake cewa ta rage sauri."

Ta ɗago ta dube shi. "Duk abin da Inna ta faɗa ka tsinta, Baba. Akwai wanda ba ta faɗa ba."

Ya gane inda ta dosa. Amma ji da kai ba ya mutuwa lokaci guda.

"Da akwai wani abu da ta gaya mini. Kullum da safe ina shiga gaishe ta, tana kiran sunana tun kafin in zauna."

"Makullanka take ji, da warin baƙin mai. Ba ni makullan. Ka tsaya daga bakin ƙofa, kar ka matsa kusa, kar ka yi sallama."

Tunda aka haife shi bai taɓa tsayawa a ƙofar mahaifiyarsa ba sallama ba.  Sannan ya zare makullan daga ƙugu ya miƙa mata, ya taka a hankali, ya ɗaga labule.

Inna tana zaune a bakin gado, hannaye a kan cinya. Rana tana shigowa ta taga, ga ƙwan garejin nan yana ci a sama. Ta juyo, ta kafa masa ido sosai. Shi ne nan tsaye, ƙato, ya cika ƙofa, da kayan aikinsa da tumbinsa.

"Wa ya tsaya mini a ƙofa?" ta ce. "Ƙawata, ke ce? Ko uwarki ce?"

Jama'a, Mai Kunne ya saki labulen. Ya ƙarasa ciki ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ni ne."

Ta ɗan razana, sannan ta yi saurin gyara fuska. "Au, kai ne? Hasken tagar nan ne ya kashe mini ido. Da za ka sa mata labule mai kauri..."

Da jiya ne, da tuni ya miƙe ya nufi kasuwa neman labule. Yau kam, a karo na farko a rayuwarsa, bai ɗauki maganar mahaifiyarsa yadda ta faɗe ta ba. Ya kama hannayenta biyu.

"Inna, tun yaushe?"

 Sai hawaye suka gangaro mata.

"An kwana biyu," ta ce. "Kamar ana ta hura mini hayaƙi, kullum yana ƙaruwa. Ka tuna yayata, yadda ta ƙare a lungun ɗaki, sai an ja ta an kai, an ja ta an dawo? Na ce ni ba zan zama kaya a gidan ɗana ba. Kana da ɗawainiya. Na ce in lallaɓa a haka har Allah ya yi ikonsa."

Mai Kunne ya kifa kai a kan gwiwarta ya yi kuka irin na yara. Kunya ta kama shi, da tausayi, da haushin kansa. Shi da ke jin sakin bel ɗin mota daga tsallaken titi, mahaifiyarsa ta yi watanni tana faɗa masa ciwonta ta bayan magana, shi kuwa yana ta sayo ƙwan lantarki yana yabon kansa.

Rediyo tana bakin ƙofa da makullai a hannu, uwarta a bayanta tana share ido da gefen mayafi.

"Baba," yarinyar ta ce a hankali, "saura ta ukun. Kai fa, me za ka yi?"

Dariya ta kufce masa a tsakiyar kuka. "Ja'ira. Gobe da safe asibiti."

Likitan ido ya haska, ya duba, ya ce yana ce ta rufe idon, kuma irin wadda ake cirewa ce. Ya yi musu faɗan jinkiri, ya ce da tsohuwa ta faɗi a banɗaki da labarin ya zama wani. Aka sa rana, aka fara da ido ɗaya.

Ranar da aka cire bandeji, Mai Kunne yana tsaye a gabanta kamar mai jiran hukunci. Inna ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai, yaushe ka yi furfura haka? Wannan tumbin kuma, a haka na bar shi?"

Ɗakin ya kaure da dariya, har da ma'aikaciyar jinya. Sannan Inna ta juya ta ga Rediyo. Ta miƙa hannu ta shafa fuskarta.

"Ashe ƙawata ta girma ban sani ba."

Sakamakon jarrabawa ya fito. Rediyo ta zo ta uku.

Ta miƙa wa uban katin a tsorace, domin ta san alkawarin da ya yi gaban Hedimasta, ta kuma san ba ya magana biyu. Ya duba, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. 

Washegari, ranar rufe makaranta, Mai Kunne ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya rufe gareji a ranar aiki. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, ya ce wa Rediyo ta shiga mota. Inna ta ce ƙafarta ƙafarsu, sai ta ga Malamar nan da idonta, tunda yanzu tana da shi.

Suka tarar da Malama a bakin aji tana sallamar yara. Ta gaishe da Inna har ƙasa, ta juyo gare shi.

"Baban Rediyo, sannu da zuwa. Takardar canjin makaranta ce? Tana ofishin Hedimasta."

Mai Kunne ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Tun daga gida ya shirya magana, amma duk ta ɓace masa. Mutumin da ya saba a ba shi haƙuri bai san ta inda ake fara bayarwa ba. Ya yi gyaran murya ya dubi inda motarta take.

"Malama... motar nan taki. Bel ɗinta ya saki. Tun farkon zango nake jin sa. In aka bar shi zai tsinke miki a hanya."

Malama ta dube shi, ta dubi akwatin da ke hannunsa, ta dubi Inna da ke ta murmushi. Sai ta juya ga ɗalibarta.

"Rediyo, me Baba ya ce?"

"In tsinta ce, Malama, ya ce bel ɗin motarki ya saki."

"In tono ce fa?"

"Ya ce ki yi haƙuri. Kuma ba zai cire ni ba."

"Ina shaidarki?"

Rediyo ta matso, ta ɗora yatsa a kan akwatin kayan aikin. "Baba ba ya zuwa wurin mota, mota ke zuwa wurinsa." Ta ɗora yatsa a kan makullan da ke ƙugunsa. "Ya rufe gareji, yau kuma ranar aiki ce." Sannan ta miƙa hannu ta taɓa hular da yake ta murzawa. "Ranar da ya zo faɗa, wannan tana kansa."

Mai Kunne ya ji ƙirjinsa ya cika fal. Duk karatun jaridar da ta yi a kan benci bai taɓa sa shi jin irin wannan alfahari ba. Ya ajiye akwatin a ƙasa.

"Ta ci, Malama. Ki ba ta duka makin. Amma bari in faɗa da bakina, don ko mai tsinta ya samu. Ki yi haƙuri, na yi miki rashin adalci. 'Yata tana nan wurinki. Da na san haka ta uku take, da tuni na daina neman ta ɗaya."

Malama ta sunkuyar da kai, idonta ya kawo ruwa. Inna ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Ɗiyata, likita ya cire yana, amma ke kika fara buɗe idon. Allah ya yi miki albarka." Ta ɗan ja da baya, ta ƙura wa wuyan rigar Malama ido. "Maɓallinki na sama ya kusa tsinkewa. Ƙawata, miƙo mini jakata, akwai allura a ciki."

Nan bakin aji Inna ta zauna a kan kujerar yara, ta ɗaga allura sama, ta zura zare da kanta. A can gefe kuma Mai Kunne ya buɗe bonet, ya naɗe hannun riga, yana gaya wa duk iyayen da suka wuce, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba, "Kun ga waccan yarinyar? 'Yata ce. Ita ta gano idon kakarta."

Darasi: Karatu ba gudun baki ba ne, fahimta ce. Mu bar malamai su koya wa 'ya'yanmu tsinto abin da aka faɗa, da tono abin da ba a faɗa ba, da yanke hukunci da shaida, ko da hakan zai rage musu maki na ɗan lokaci. Mu ma manya mu koya, domin iyayenmu da na kusa da mu ba kullum suke faɗin ciwonsu kai tsaye ba. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani uba ko wata uwa, da malamin da ya taɓa ce maka "ina shaidarka?", sannan yau ka leƙa ɗakin tsohuwarka ka duba da kyau.